Jigon Wahalar Iyali da Faɗi-tashin Rayuwa a Ƙagaggun Labaran Hausa, 1933–1990

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabin Hausa sun saba raba tarihin ƙagaggun labarai gida-gida bisa ga hukumomin da suka ɗauki nauyin buga su, wato zamanin Hukumar Talifi, da na NORLA, da na kamfanin NNPC, sannan zamanin da marubuta suka koma buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Wannan rabo yana da amfani wajen tsara shekaru, sai dai yakan ɓoye wani jigo da ya ratsa dukkan zamunan, wato wahalar da kan afka wa iyali da irin faɗi-tashin da mutum kan yi domin ya tsira. Wannan maƙala za ta bi diddigin jigon daga 1933 zuwa 1990, tare da lura da abubuwa biyu: ta wace ƙofa wahalar take shigowa gida, kuma daga bakin wa ake jin labarinta.

Jigon dai ya girmi rubutun boko. Tatsuniyoyin 'yar bora da 'yar mowa, da na marainiyar da kishiyar uwa ke gallaza wa, sun daɗe suna koya wa yara cewa gida ma yana iya zama wurin ƙunci. A tatsuniya, mafita takan zo ne ta hannun wata tsohuwa a bakin rafi ko wani abin al'ajabi, a matsayin sakayyar ladabi da haƙuri.

2.0 Littattafan Farko: Wahalar da Ke Zuwa Daga Waje

A shekarar 1933 ne Dr. R. M. East na Hukumar Talifi da ke Zariya ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai. Shi da kansa ya bayyana daga baya cewa aikin bai zo da sauƙi ba, domin malaman lokacin suna ganin ƙaga labari aikin mata da yara ne. Daga wannan yunƙuri aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da kuma Jiki Magayi na John Tafida da East. Biyu na ƙarshe su ne suka shafi wannan nazari.

Shaihu Umar labarin wargajewar iyali ne tun daga farko har ƙarshe. Umar maraya ne, uwarsa ta auri Makau, wani bafaden sarkin Kagara. Hassadar 'yan'uwansa fadawa ta sa aka yi masa ƙazafin ɓoye bayi bayan wani hari, aka kore shi daga gari. Kafin uwar ta bi mijinta sai aka sace yaron, ya yi ta sauya hannu har ya faɗa wurin wani Balarabe mai suna Abdulkarim, wanda ya tafi da shi ƙasar Masar ya riƙe shi kamar ɗansa. Ita kuwa uwar ta fita neman ɗanta, ita ma aka bautar da ita, aka ƙetara da ita Sahara. Sun sadu a ƙarshe, amma wahala ta riga ta cinye ta, ba ta daɗe ba ta rasu.

Ya kamata a tuna cewa lokacin da littafin ya fito a 1934, bauta ba tsohon labari ba ce. Dokar Lugard ta 1901 ta hana cinikin bayi, ta kuma 'yanta yaran da aka haifa bayan watan Maris na shekarar, amma sai a 1936 aka soke bautar gaba ɗaya a dokar Arewacin Nijeriya. Ke nan a cikin iyayen 'yan makarantar da suka fara karanta littafin akwai waɗanda suka ga hari da idonsu. Shi ma labarin an ɗaure shi da tarihi na haƙiƙa, domin dawowar Umar ta zo daidai da rikicin Rabe, wanda ya ci Borno a 1893.

Abin lura a nan shi ne, babu wanda ya cuci wani a cikin gidan su Umar. Makau mijin kirki ne, uwar kuma abar koyi ce. Masifa daga fada ta taso, da daji, da kasuwar bayi. Haka kuma, duk da cewa uwar ce ta fi kowa shan wuya, labarinta ta bakin ɗanta ya fito, bayan ya zama shaihin malami yana zaune a Rauta cikin almajiransa. Mai karatu yana jin kukanta ne daga nesa, an riga an tace shi da tawakkali. Wannan shi ne ƙarfin littafin, kuma a nan ne iyakarsa take: ya nuna zafin bauta ba tare da ya tuhumi tsarin da ya haife ta ba, har ma wanda ya raba yaron da ƙasarsa shi ne ya zama sanadin iliminsa.

Jiki Magayi ya ɗan matso da matsalar kusa da gida. Malam Shehu attajiri ne da bai samu haihuwa ba, ya yi amfani da dukiyarsa ya auri Zainabu wadda ke son Abubakar. Abubakar ya shiga duniya neman asirin ɗaukar fansa, asirin ya faɗa kan Kyauta, ɗan da aka haifa, ya tashi ɓarawo, har ya kashe ubansa bai sani ba. A nan kuɗi ne suka buɗe wa masifa ƙofa. Duk da haka rigimar ta maza ce, Zainabu kuwa, wadda ta rasa masoyi da miji da kuma tarbiyyar ɗanta, ba a tsaya an saurari cikinta sosai ba.

3.0 Tsakanin Zamuna

Daga kafa NORLA a 1953 zuwa ƙarshen shekarun 1970, ƙagaggun labarai sun fi karkata ga yawon duniya da jarunta da aljannu. Rigingimun aure da saki sai suka samu mafaka a wasan kwaikwayo, kamar Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi da Uwar Gulma na Mohammed Sada. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo ya kawo wahalar saurayin ƙauye da birni ya ruɗa. Gasar NNPC da aka buga littattafanta a 1980 ita ce ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, inda mace ta rubuta labarin budurwar da ta tsaya kan zaɓinta duk da adawar dangi.

4.0 Wahalar da Ke Tashi Daga Cikin Gida

Abubuwa biyu suka haɗu a tsakiyar shekarun 1980. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya yaye dubban matasa, maza da mata, masu iya karatun Hausar boko. A ɗaya gefen kuma tsarin tsuke bakin aljihu da gwamnatin Babangida ta shigo da shi a 1986 ya karya darajar naira, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja da baya. Sai marubuta suka shiga buga littattafansu da kansu suna kai wa 'yan kasuwa a Kano. Talaucin da ya rufe ƙofar kamfanoni shi ne kuma ya shiga cikin labaran ya zauna.

Balaraba Ramat Yakubu na cikin fitattun wannan zamani. A Wa Zai Auri Jahila? (1990), uba ne ya cire 'yarsa Abu daga makaranta ya aurar da ita ga Sarkin Noma, dattijon da ya haife ta. Ta gudu Kano wurin 'yar'uwar mahaifinta, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Marubuciyar ita ma an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama, saboda haka ba jita-jita ta rubuta ba.

Alhaki Kuykuyo Ne (1990) ya fi dacewa a ajiye shi kusa da Shaihu Umar, domin dukkansu labarin uwa ne da ke fafutuka a kan 'ya'ya. Rabi matar Alhaji Abdu ce, ɗan kasuwa mai rufin asiri, tana da 'ya'ya tara, amma abin da yake bayarwa na cefane ba ya kai su ko'ina. Ya auro Delu, rikici ya tashi, ya kori Rabi da 'ya'yanta. Babu mahari a nan, babu ɗan fashi. Mai gidan da shari'a da al'ada suka ɗora wa ciyarwa shi ne tushen yunwar. Mafitar Rabi ma ba ta tatsuniya ba ce. Sayar da abinci ta kama, da taimakon 'yan'uwanta, tana lissafin kuɗin makaranta da na tuwon dare. Irin wannan lissafi na kwabo da sisi, wanda littattafan 1934 ba su damu da shi ba, shi ne ainihin sabon abin da matan suka kawo wa zuben Hausa. Daga baya 'yarta Saudatu ta auri mai hali, shagon Alhaji Abdu ya ƙone, Delu ta juya masa baya.

Ƙarshen littafin ne ke da wuyar haɗiya. Dangi suka taru a kan Rabi sai ta karɓi mijin da ya tozarta ta, ta kuwa karɓe shi. Ana iya ɗaukar wannan a matsayin miƙa wuya ga tsohon darasin haƙuri. Amma idan aka duba da kyau, mijin ne ya dawo hannu rabbana, kuma marubuciyar ba ta nuna komen a matsayin abin farin ciki ba. Ta bar mai karatu ya ga yadda al'umma ke tilasta wa wadda aka zalunta ta ɗauki nauyin wanda ya zalunce ta.

A cikin shekarun 1990 an tafka muhawara a jaridu kan waɗannan littattafai. Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, yana sukar rauninsu ta fuskar harshe da tsari, su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu kuma suka kare su. Sukar tana da gaskiyarta, domin da yawa an buga su ba tare da tacewa ba, ƙa'idar rubutu kuwa ba a cewa komai. Sai dai laƙabin littattafan soyayya da aka yi musu jumla ya sa an daɗe ba a lura ba cewa wasunsu labarin saki ne da yunwa da kuɗin haya. Shaihu Umar ya samu fassarar Ingilishi ta Mervyn Hiskett a 1967, aka kuma mayar da shi fim a 1976. Labarin Rabi sai a 2012 ya samu tasa fassarar, ta hannun Aliyu Kamal, kuma wani kamfanin ɗab'i na ƙasar Indiya ne ya buga ta.