Ƙarfe Shida da Rabi: Tarihin Ranar Ɗan Mishan na Mormon

Da ƙarfe 6:30 na safe, a Tokyo ko Lima ko Kumasi, dubban samari da 'yan mata kan tashi daga barci bisa jadawalin da aka tsara a birnin Salt Lake, a jihar Utah ta Amurka. Za su motsa jiki, su yi wanka, su karya kumallo. Daga nan sai karatun littafi a kaɗaice, sai wani karatun tare da abokin aiki, sai darasin harshe ga wanda aka tura ƙasar da ba a jin yarensa. Da hantsi su fita, ba su dawowa sai wajen 9 na dare, kuma da 10:30 an kashe fitila. An ɗan sassauta lokutan a 2017 domin su dace da yanayin kowace ƙasa, amma ƙashin bayan tsarin yana nan. Namiji kan shekara 2 a haka, mace kuma wata 18.

Su ne 'yan mishan na Cocin Yesu Almasihu na Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe, wanda duniya ta fi sani da Mormon, ko da yake tun 2018 shugabanninsa suka nemi a daina kiransu da wannan suna. Wanda ya zauna a Legas, Fatakwal ko Akara ba zai rasa ganinsu ba: biyu-biyu, farar riga, nektayi, da ɗan baƙin allon suna a ƙirji. A kan allon an rubuta Elder, wato dattijo, alhali mai shi gemunsa bai gama tsirowa ba.

Mai hange daga nesa zai ɗauka tun kafuwar addinin haka abin yake. Amma kusan duk abin da ke cikin wannan rana, daga agogon zuwa rigar zuwa shekarun mai rigar, aikin ƙarni na 20 ne.

An kafa cocin ranar 6 ga Afrilu 1830 a jihar New York. Bayan wata biyu Samuel Smith, ƙanen Joseph Smith wanda ya kafa addinin, ya cika jaka da kwafen Littafin Mormon ya kama hanya a ƙafa, ba horo, ba jadawali, ba mai biya masa kuɗin masauki. Ƙa'idar da aka bi shekaru da yawa an ɗauko ta ne daga Linjila, cewa mai wa'azi ya fita ba kuɗi ba guzuri, ya ci abin da aka ba shi, ya kwana inda aka sauke shi. Saboda haka babbar damuwar ɗan mishan na wancan zamani, idan rana ta yi gora, ita ce inda zai sa haƙarƙarinsa da dare. Idan duk ƙofofi suka rufe, sai rumbun wani manomi ko gindin itace.

Kuma ba yara ake turawa ba. Magidanta ne masu gona da iyali. A 1837 Heber Kimball da abokansa suka sauka a Liverpool, suka wuce garin Preston, inda suka yi wa mutanen farko baftisma a kogin Ribble. A watan Satumba 1839 Brigham Young, wanda daga baya ya gaji shugabancin cocin, ya bar gida zuwa Ingila zazzaɓi na kaɗa shi, matarsa na kwance da jaririya 'yar kwana 10. Wahalar ta biya su, domin zuwa 1850 mabiyansu a Birtaniya sun fi mutanen Utah gaba ɗaya yawa, kuma dubbai daga cikinsu, galibi ma'aikatan masaƙu da ma'adinai, suka haye teku suka koma Amurka.

Yadda ake kiran mutum ma abin mamaki ne. Yana zaune cikin taro sai ya ji an karanto sunansa daga mumbari, ba tare da an tuntuɓe shi ba. A wani taro na musamman a watan Agusta 1852 an kira maza kimanin 100 a haka, aka rarraba su zuwa Turai, Indiya, Hong Kong, Ostareliya da Afirka ta Kudu, aka ce su shirya yin shekara 3 zuwa 7. A wannan taron ne kuma cocin ya bayyana wa duniya cewa yana halatta auren mace fiye da ɗaya. Wato an ɗora wa matafiyan kayan da babu mai son saye a Turai ta lokacin. Ukun da suka isa Cape Town a 1853 sun sha jifa da ihu, kuma Turawan da ke zaune a can kaɗai suka yi wa wa'azi.

Harshe kuwa kowa tasa ta fisshe shi. George Cannon ya isa tsibiran Hawaii a 1850 yana ɗan shekara 23. Wasu abokan tafiyarsa suka ga Turawan wurin ba su da sha'awa, suka tattara suka tafi. Shi ya tsaya, ya koyi harshen 'yan ƙasa a bakinsu, har ya fassara Littafin Mormon tare da wani alƙali ɗan ƙasar, Jonathan Napela, aka buga a 1855.

Abubuwa da dama ne suka kashe wannan salo. Biranen Turai da Amurka suka tsananta dokokin hana gararamba, jama'a suka rage sauke baƙon da ba su sani ba, kuma cocin da kansa, bayan ya sanar da daina auren mata da yawa a 1890, ya shiga neman mutunci a idon duniya. A 1898 aka tura 'yan mata marasa aure na farko, Inez Knight da Jennie Brimhall, zuwa Ingila, domin Turawa su ga matan Utah da idonsu, su daina ɗaukarsu bayi a gidan miji. A hankali saurayi ya maye gurbin magidanci, domin tura shi ya fi sauƙi, ba ya barin mata da 'ya'ya cikin yunwa.

To amma wanda ya tura yaro wata duniya dole ya yi masa shinge. A 1925 aka buɗe gidan horo a Salt Lake, na 'yan kwanaki. A 1961 aka fara koyar da harsuna a jami'ar Brigham Young da ke Provo, abin da ya girma ya zama babbar cibiyar horon da aka sani tun 1978. A 1961 ɗin kuma aka fito da darussa shida da kowa zai haddace kalma da kalma, har da tambayoyin da zai yi wa mai sauraro. Sai a 2004 aka bar haddar, aka ce kowa ya yi bayani da bakinsa. A 1974 shugaban cocin Spencer Kimball ya ce ya wajaba kowane saurayin da ya cancanta ya tafi. A 2012 aka saukar da shekarun tafiya zuwa 18 ga maza da 19 ga mata, sai adadin 'yan mishan ya tashi daga kimanin 58,000 zuwa sama da 85,000 cikin shekara biyu.

Yau matashi kan cika takardu, likita ya duba shi, shugabannin cocinsa su yi masa tambayoyi kan imani da ɗabi'a, sannan ya jira wasiƙa. Wanda ya taɓa jiran takardar bautar ƙasa ya san irin wannan zullumi, sai dai a nan taswirar ta duniya ce gaba ɗaya, kuma shi ko iyayensa ne ke biya. A Amurka da wasu ƙasashe masu arziki kuɗin wata iri ɗaya ne, ko ina aka tura mutum, ana zuba su a asusu ɗaya domin wanda ke Japan mai tsada da wanda ke Bolibiya su yi daidai. 'Yan ƙasashe marasa ƙarfi suna ba da abin da suka iya, asusun ya cike sauran.

Dokar da ta fi kowace nauyi ita ce ta abokin aiki. Ana haɗa mutum da wani da bai zaɓa ba, jinsi ɗaya, a ce kada ya kuskura ya fita daga inda abokin zai gan shi ya kuma ji muryarsa, in ban da banɗaki. Ɗaki ɗaya suke kwana, tare suke cefane, tare suke ƙwanƙwasa ƙofa. Duk mako shida shugaban mishan, wanda shi da matarsa kan yi shekara 3 a kan aikin, yana iya sauya haɗin ko ya bar shi. Ɗan manomin Idaho zai iya wayar gari tare da ɗan Kinshasa, ɗaya na son barkono ɗaya na hawaye. Manufar a fili take: kowa mai gadin ɗan'uwansa ne, kuma shaidarsa idan aka yi ƙazafi. Sai dai zo mu zauna zo mu saɓa, kuma tsofaffin 'yan mishan da yawa kan ce abin da ya fi gwada su a shekara biyun shi ne mutumin da ke kwance a gadon gefe, fiye da duk ƙofar da aka rufe musu.

Sauran hane-hanen suna da yawa. Ba talabijin, ba soyayya, ba iyo. Ba giya, ba taba, ba kofi, ba shayi, wanda wannan ya shafi dukkan mabiya addinin ne, amma ɗan mishan ne ke shan kunyar mayar da kofin da mai gida ya miƙo masa. Rana ɗaya a mako, yawanci Litinin, ita ce ta wanki da aski da kasuwa da rubuta wasiƙa, kuma da 6 na yamma an koma aiki. Shekaru da dama sau biyu kacal a shekara aka yarda ya ji muryar iyayensa a waya, ranar Kirsimeti da ranar iyaye mata. A watan Fabrairu 2019 aka mayar da shi mako-mako. Cocin bai ɓoye cewa yana son ƙarfafa zumunci da iyali ba, kuma sauyin ya zo ne a lokacin da ake ta magana kan matasan da ke komowa gida kafin wa'adi saboda damuwa da kewa.

Me duk wannan ke haifarwa? A 2019 cocin ya ba da rahoton sabbin shiga kusan 249,000 da 'yan mishan kimanin 67,000, wato ƙasa da mutum 4 ga kowane ɗaya a shekara, kuma rabon ba daidai yake ba. A Turai mutum na iya gama wa'adinsa bai yi wa kowa baftisma ba. Mitt Romney, wanda ya yi takarar shugabancin Amurka a 2012, ya yi wata 30 a Faransa daga 1966, yana tallan addinin da ya hana giya a ƙasar inabi, kuma a 1968 ya tsallake rijiya da baya a haɗarin motar da ya kashe matar shugaban mishan ɗinsa. Inda aka matsa wa yara lamba kan adadi kuwa an ga ɓarna. A Birtaniya, wajen 1960, wasu sun riƙa tara yara da sunan ƙungiyar wasan ƙwallo suna yi musu baftisma, wani lokaci iyayen ba su fahimci abin da ake ciki ba, daga baya aka sha aikin share sunaye. Idan aka auna da idon basira, babban wanda tsarin ke tubarwa shi ne ɗan mishan ɗin kansa. Yakan dawo da harshe na biyu, da fatar da ta saba da wulaƙanci, da kuma ɗaurin da ke da wuyar kwancewa tsakaninsa da cocin. Daga cikin irinsu ake samun mafi yawan shugabanninsa.

A Afirka ta Yamma labarin ya zo a juye, domin mabiya sun riga 'yan mishan isowa. Tun shekarun 1950 mutane a kudu maso gabashin Nijeriya, daga baya kuma a Ghana, suka ci karo da ƙasidun cocin, suka kafa majami'u da sunansa, suka yi ta aika wasiƙu Salt Lake a turo musu malamai. Matsalar ita ce tun zamanin Brigham Young cocin ya haramta wa baƙar fata muƙamin limanci da shiga ibadun haikali. An turo LaMar Williams ya duba a 1961, ya tarar da jama'a masu yawa suna jira. Amma a 1963 jaridar Nigerian Outlook ta Inugu ta fallasa koyarwar launin fatar, gwamnati ta ƙi ba da izinin zama, kuma a ƙarshen 1965 aka kira Williams gida, ana saura 'yan makonni juyin mulkin Janairu 1966. Yaƙin basasa ya rufe maganar.

Masu jiran ba su watse ba. Anthony Obinna, malamin makaranta a yankin Mbaise, da Joseph Johnson a Cape Coast sun ci gaba da jagorantar jama'arsu ba tare da an yi musu baftisma ba. A watan Yuni 1978 aka ɗage haramcin. A watan Nuwamba 'yan mishan suka iso, kuma ba samari masu jadawali aka fara turowa ba, dattawa ne biyu da matansu, iyalan Mabey da Cannon. Aka yi wa Obinna baftisma ranar 21 ga Nuwamba, Johnson kuma a Disamba. Cikin shekara guda sama da mutum 1,700 suka shiga a ƙasashen biyu.

A watan Yuni 1989 gwamnatin Jerry Rawlings ta dakatar da ayyukan cocin a Ghana tare da na Shaidun Jehobah, ta kori 'yan mishan baƙi, aka rufe majami'u har ƙarshen 1990, mabiya suka koma ibada a cikin gidajensu. Bayan shekara 12 da ɗage dakatarwar, a 2002, aka buɗe cibiyar horon 'yan mishan a Tema, wadda aka mayar Akara a 2017, kusa da haikalin da aka keɓe a 2004. Na Aba ya biyo baya a 2005. Galibin masu farar rigar da ake gani yau a titunan Legas da Kumasi 'yan Afirka ne, daga Nijeriya, Ghana, Kwaddibuwa, Kongo ko Saliyo, kuma da yawansu a Akara suka fara koyon tashi da 6:30.