Daga Teburin Zane Zuwa Burauza: Tarihin Yadda Zanen Injiniya Ke Isa Hannun Masu Aiki

Zanen injiniya umarni ne da aka rubuta da layuka. Mai zana gini ko inji yana zaune a ofis, masu aikin suna can masana'anta ko filin gini, wani lokaci ma a wata ƙasa daban, kuma takardar da ke tsakaninsu ce ke gaya wa maƙeri da magini tsawon kowane ƙarfe, kaurinsa, da inda za a huda shi. Saboda haka wahalar wannan sana'a ba ta ƙarewa da kammala zane. Sai an kai shi hannun duk mai buƙata, sai an tabbatar wanda ke hannunsa shi ne na ƙarshe da aka gyara, kuma bayan shekaru sai an iya tono shi daga cikin dubban 'yan uwansa. Buɗe zane a burauza, abin da yau ya zama ruwan dare, mataki ne na baya-bayan nan a wannan tsohuwar fafutuka.

Ƙa'idar nuna abu mai tsawo da faɗi da tsayi a kan shimfiɗaɗɗiyar takarda, ta hanyar kallonsa daga sama da kuma daga gaba, Bafaranshe Gaspard Monge ne ya tsara ta a ƙarni na 18. Ya fara aikin a makarantar injiniyoyin soja ta Mézières, inda aka riƙe hanyar tasa a matsayin sirrin soja tsawon shekaru. Sai a 1795 ya koyar da ita a fili a birnin Paris, littafinsa kuma ya fito a 1799. Daga nan injiniyoyi suka sami harshe guda na zane. Abin da ba su samu ba shi ne hanyar yawaita shi. Duk kwafin da ake so, sai wani ma'aikaci ya shimfiɗa takarda ko ƙyalle mai shara-shara a kan asalin zanen ya bi layukan da tawada, kuma kowane kwafi ƙofa ce ta sabon kuskure.

A 1842 masanin taurari na Ingila, John Herschel, ya gano wani haɗin sinadarin ƙarfe da ke komawa shuɗi idan rana ta taɓa shi. Daga shekarun 1870 ofisoshin zane suka kama shi hannu bibbiyu. Ana ɗora asalin zanen a kan takardar da aka shafa wa sinadarin, a matse su ƙarƙashin gilashi, a fitar rana, sannan a wanke da ruwa. Inda tawada ta kare hasken sai ya zauna fari, sauran takardar ta rine shuɗi. Daga baya wata hanya mai amfani da ammoniya ta maye gurbinta, mai fitar da layuka masu duhu a kan farar takarda, kuma tsofaffin ma'aikatan ofisoshin zane suna tunawa da ɗakin buga kwafi ne da warin da ke sa ido hawaye.

Sauƙin kwafi ya haifi matsalar da har yau ba ta gushe ba. Idan zane guda yana da kwafi hamsin a hannun mutum hamsin, sannan injiniya ya sauya ma'aunin rami ɗaya, duka hamsin ɗin sun zama ƙarya a lokaci guda. Don haka aka ƙirƙiro tsari mai tsauri. A kusurwar dama ta ƙasan kowane zane akwai akwati mai ɗauke da lambar zanen, sunansa, ma'auninsa, da sa hannun wanda ya zana da wanda ya duba. Kowane gyara yana samun harafinsa, A, B, C, tare da kwanan wata. Asalin zanen yana kulle a cikin faffaɗar durowa, akwai kuma akawun da aikinsa shi ne rubuta wanda aka bai wa kowane kwafi, domin a karɓo tsoho a ba da sabo. Da takardu suka fi ƙarfin ɗakunan ajiya a tsakiyar ƙarni na 20, sai aka koma ɗaukar hoton zane a ɗan fim mai faɗin milimita 35, a manna shi a tagar wani kati mai huje-huje. Hujin yana ɗauke da lambar zanen, inji kuma yana iya tace katunan ya fitar da wanda ake nema. Wannan yana cikin hanyoyin farko na binciken zane da na'ura, kuma ma'aikatar tsaron Amurka ta tara miliyoyin irin waɗannan katuna.

Kwamfuta ta shigo fagen ne a 1963, lokacin da Ivan Sutherland ya gabatar da Sketchpad a matsayin aikin digirinsa na dakta a cibiyar MIT. Yana zane kai tsaye a kan allon kwamfutar TX-2 da wani alƙalami mai jin haske. Abin da ya fi zanen kansa muhimmanci shi ne na'urar tana riƙe dangantaka: a ce mata layuka biyun nan su yi tafiya kafaɗa da kafaɗa, ta daidaita su, a gyara uwar siffa guda, duk inda aka yi amfani da ita ya gyaru. Kamfanonin motoci da jiragen sama ne suka fara cin moriyar wannan tunani, domin su ne masu kuɗin sayen injinan. General Motors da IBM sun nuna tsarinsu na DAC-1 a 1964. A Faransa Paul de Casteljau na Citroën da Pierre Bézier na Renault sun samar da lissafin lanƙwasassun layuka na jikin mota, kamfanin jiragen Dassault kuma ya fara gina manhajar da ta zama CATIA a 1977. Ƙananan ofisoshi sai a ƙarshen 1982 suka sami shiga, sa'ad da sabon kamfanin Autodesk ya fitar da AutoCAD, mai aiki a kan kwamfutar tebur, a kan kuɗi kimanin dala 1,000.

A nan zane ya yi wata asara da ba kowa ya lura da ita ba da farko. Takarda, duk mai ido yana iya karanta ta. Fayil kuwa sai mai manhajar da ta rubuta shi, sau da yawa ma sai mai irin fitowar manhajar. Tsarin DWG na AutoCAD mallakar kamfanin ne, bai bayyana cikakken sirrinsa ba, sai dai ya buɗe wani tsarin musaya mai suna DXF. An yi ƙoƙarin samar da harshen tsaka-tsaki: IGES ya fito a Amurka a 1980, STEP kuma ya zama ƙa'idar duniya a 1994. Sun taimaka, amma fassara daga wannan manhaja zuwa waccan takan zubar da wani abu a hanya. A 1998 wasu kamfanoni suka haɗu suka kafa ƙungiyar OpenDWG Alliance, wadda daga baya ta koma Open Design Alliance, don kawai su gano yadda ake karanta DWG da rubuta shi ba tare da AutoCAD ba.

Jirage biyu sun nuna fuskokin lamarin. Boeing 777, wanda ya fara tashi a 1994, an zana shi kacokan a kwamfuta da CATIA, aka haɗa sassansa a allo kafin a yanka ƙarfe. Shi kuwa Airbus A380, injiniyoyinsa na Jamus da Sifaniya suna aiki da fitowa ta huɗu ta CATIA, na Faransa da Birtaniya suna kan ta biyar. Jirgin yana ɗauke da wayoyin lantarki masu tsawon kusan kilomita 500, kuma da aka zo shimfiɗa su sai aka tarar da yawa ba su kai inda ya kamata su kai ba. Rashin jituwar manhajojin yana cikin manyan dalilan da suka sa jirgin farko bai isa hannun Singapore Airlines ba sai Oktoban 2007, bayan jinkirin kusan shekara biyu.

Akasarin masu buƙatar zane ba masu zanawa ba ne. Ɗan kwangila ne, ko mai sayo kaya, ko mai ƙiyasta kuɗin aiki, ko makanikin da zai gyara injin. Buƙatarsu su duba, su auna, su yi alama a inda suke da tambaya, kuma ba hikima ba ce a saya wa kowannensu manhaja mai tsada. Da yanar gizo ta yaɗu bayan fitowar burauzar Mosaic a 1993, nan da nan aka hango mafita. A 1995 Autodesk ya fitar da tsarin DWF, ƙaramin fayil mara nauyi wanda aka yi don dubawa kawai, tare da wata 'yar manhaja mai suna WHIP! da ake liƙa wa burauzar Netscape. A daidai wannan lokaci tsarin VRML ya yi yunƙurin kawo siffofi masu fuska uku cikin shafukan intanet. A 1999 aka kafa Buzzsaw.com, rumbun da masu aikin gini guda ke zuba zanensu kowa ya ɗauka daga can.

Wannan zango na farko bai cika alkawarinsa ba, kuma dalilin a bayyane yake. Burauzar wancan zamani ba ta iya zana komai da kanta in ban da rubutu da hoto, don haka kowane kamfani sai ya kawo tasa manhajar liƙawa. Wata tana aiki a Windows kaɗai, wata ta ƙi sabuwar burauza, wata kuma masu kula da kwamfutocin ofis su hana a saka ta saboda tsoron ɓarayin bayanai. Layin waya ma ba shi da ƙarfin ɗaukar manyan fayiloli. Mutane da yawa suka koma ga PDF, wanda Adobe ya fitar tun 1993, suna aika shi ta imel. Hakan ya dawo da tsohuwar cutar kwafi hamsin, a wannan karo babu akawun da ke rubuta wanda aka bai wa.

Sauyin gaske ya zo ne a Maris na 2011, lokacin da ƙungiyar Khronos ta fitar da WebGL, ƙa'idar da ta bai wa burauza damar amfani da sashen sarrafa hoto na kwamfuta kai tsaye, ba tare da an liƙa mata komai ba. A shekarar Tinkercad ya bayyana, manhajar ƙera siffofi wadda gaba ɗayanta a burauza take, Autodesk kuma ya saye ta a 2013. Jon Hirschtick, wanda ya kafa kamfanin SolidWorks a 1993, ya sake kafa wani kamfanin a 2012, Onshape, wanda ya buɗe wa jama'a a 2015. A tsarinsa babu fayil ɗin da ake aikawa ko kaɗan. Siffar tana zaune a rumbun bayanai guda, mutane da dama suna aiki a kanta lokaci ɗaya, kowane sauyi yana rubuce da sunan mai shi. Kamfanin PTC ya saye shi a 2019 a kan kimanin dala miliyan 470. Burauzar Chrome ta rufe ƙofar tsofaffin manhajojin liƙawa a 2015, fasahar WebAssembly ta iso manyan burauzoji a 2017, kuma a 2018 Autodesk ya yi amfani da ita ya ɗora ainihin injin AutoCAD, mai shekaru fiye da 30, a cikin burauza.

Yadda dubawar ke gudana ba shi da wuyar fahimta. Idan aka ɗora fayil, babbar kwamfutar da ke can nesa ce ke buɗe shi, ta farfasa lanƙwasassun fuskokinsa zuwa ɗimbin ƙananan siffofi masu kusurwa uku, ta ware sunayen sassa da ma'aunansu gefe. Abin da ake turo wa burauza wannan sassauƙan kwafin ne, kaɗan-kaɗan, abin da ke gaban ido da farko. Shi ya sa zanen ginin bene mai hawa da yawa ke buɗewa a wayar hannu. Rabawa kuma ta koma aika adireshi. Duk wanda ya danna shi, zanen da ke nan yanzu zai gani, kuma mai zanen yana iya ba wannan izinin dubawa kawai, ya ba wancan izinin gyara, ya janye izinin ran da kwangila ta ƙare. A tarihin sana'ar, wannan ce amsa mafi ƙarfi da aka taɓa bai wa tambayar wane kwafi ne na gaskiya.

Bincike ne ya rage a baya, domin zane ba kalmomi ba ne. Injin bincike yana iya karanta abin da ke cikin akwatin kusurwa da sunayen sassa, muddin an cika su da kyau, abin da ba kullum ake yi ba. Wasu tsofaffin haruffan AutoCAD, waɗanda ake kira SHX, idan aka mayar da zanen PDF sukan koma layuka zalla: ido yana karanta su, na'ura ba ta san rubutu ba ne. Tsofaffin zanen takarda da aka ɗauki hotonsu kuwa sai an bi su da manhajar gane haruffa, wadda rubutun hannu da dusashewar tawada ke ruɗawa. Asarar da ke nan babba ce. Injiniyan da ya kasa gano cewa kamfaninsa ya taɓa zana irin wannan ƙarfen zai zana sabo, a ba shi sabuwar lamba, a ware masa sabon gurbi a sito. Tun shekarun 1960 Herwart Opitz na Aachen a Jamus ya tsara lambobin da ke bayyana siffar kowane sashe don a haɗa masu kama da juna. A farkon shekarun 2000 masu bincike a jami'ar Princeton sun gina injin da ake zana masa siffa ya nemo makamantanta. Yau manhajojin kasuwa da dama suna yin wannan, suna mayar da siffa jerin lambobi su gwada kusancinsu, amma har yanzu sun fi ƙwarewa a kan siffofi masu fuska uku fiye da shimfiɗaɗɗun zane, waɗanda su ne suka cika rumbunan tsofaffin ma'aikatu.

Sabon tsarin ya zo da nasa nauyin. Zanen da ke zaune a rumbun wani kamfani yana buƙatar intanet mai ɗorewa, kuma filin gini ko ramin haƙar ma'adinai ba kullum yake da shi ba. Yana buƙatar biyan kuɗin haya a kai a kai. Autodesk ya daina sayar da lasisin dindindin na yawancin manhajojinsa a 2016. Zanen makamai da wasu sassan jirage dokokin ƙasashe sun taƙaita wanda zai gan su, don haka ƙasar da rumbun yake ta zama batun shari'a. Sai kuma batun tsawon rai, wanda ya fi sauran nauyi. Gada ko madatsar ruwa tana iya shekara 100, jirgin sama yana aiki shekaru 30 ko fiye, manhaja kuwa tana sauya fuska duk shekara, kamfanoni suna rushewa ko a saye su. Saboda haka masana'antun jirage da hukumomin gine-gine ke sharɗanta a ajiye kwafi a tsarin da ba mallakar kowa ba ne: STEP don sassan inji, IFC don gine-gine, wanda ya zama ƙa'idar duniya a 2013, da PDF/A don shimfiɗaɗɗun zane da takardun da ke rakiyarsu.