Daga Kwatano Zuwa Yamai: Darasin Taruka Biyu

'Yan uwa 'yan ƙungiya, a wannan biki na zagayowar ranar kafuwarmu, ya dace mu waiwayi tarihin ƙasashe biyu da kayanmu ke ratsawa tsakanin Malanbil da Gaya. Benin da Nijar sun kama hanya ɗaya ta gyaran mulki a farkon shekarun 1990, amma masaukinsu ya bambanta.

A ƙarshen 1989 baitulmalin Benin ya ƙafe, bankuna sun durƙushe, ma'aikata sun yi watanni ba albashi. Dole ta sa Shugaba Mathieu Kérékou ya kira Babban Taron Ƙasa a Kwatano daga 19 zuwa 28 ga Fabrairu 1990, ƙarƙashin jagorancin limamin Katolika Isidore de Souza. Wakilai suka ce iko ya koma hannun taro, suka naɗa Nicéphore Soglo firaminista. Tsarin mulkin Disamba 1990 ya ƙayyade wa shugaba wa'adi biyu na shekara biyar-biyar, ya kuma kafa Kotun Tsarin Mulki. Kérékou ya faɗi zaɓen 1991 ya sauka, ya dawo ta hanyar ƙuri'a a 1996, ya sake sauka a 2006 da wa'adinsa ya cika.

Nijar ta bi sahu. Tun ana shirin taro, mata suka yi maci a Yamai ranar 13 ga Mayu 1991 suna neman a ƙara musu kujeru. Taron ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba, André Salifou na shugabanta. Tsarin mulkin 1992 ya raba iko tsakanin shugaban ƙasa da firaminista, aka zaɓi Mahamane Ousmane a 1993. Da 'yan adawa suka sami rinjaye a majalisa a 1995, Hama Amadou ya zama firaminista, sai shi da shugaban suka shiga takun-saƙa har aikin gwamnati ya tsaya. Babu mai raba gardama da ɓangarorin biyu suka miƙa wa wuya. Ranar 27 ga Janairu 1996 Kanar Ibrahim Baré Maïnassara ya karɓi mulki. A 2009 kuma, da Kotun Tsarin Mulki ta ƙi amincewa da tazarcen Mamadou Tandja, sai ya rushe ta. Sojoji suka kifar da shi ranar 18 ga Fabrairu 2010.

Abin da tarihin nan ke koya mana, ɗan kasuwa ya riga ya san shi: idan kowa ya zo da tiyarsa, ciniki ba ya ƙarewa lafiya. Gyaran dimokuraɗiyya yana buƙatar wa'adin da mai mulki ba zai iya ƙara wa kansa ba, da kotun da ba zai iya rushewa ba idan ta yanke abin da bai so, da dokar da ta fayyace aikin kowa tun kafin rigima ta tashi.

Maganar ta shafi aljihunmu kai tsaye. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta sa aka rufe iyakoki da Nijar. Manyan motoci suka yi jerin gwano a Malanbil, kaya suka lalace, bashi ya hau kan da yawa daga cikinmu. Sai a Maris 2024 Najeriya ta buɗe tata iyakar.

Don haka mu fara da gida. A taronmu na bana mu duba ƙa'idojin ƙungiya: wa'adin shugabanni, karanta lissafin kuɗin asusu a gaban kowa, kujerun mata 'yan kasuwa, da kwamitin sasanta rigima wanda shugaba ba shi da ikon sauke shi. Allah Ya ƙara mana haɗin kai, Ya sa albarka a kasuwa.