Zaɓen talabijin na bango domin kallon fina-finai a gida

A kasuwannin Garwa, Njamena, Kumasi da Maraɗi, kusan duk talabijin mai shimfiɗaɗɗiyar fuska ana kiransa "filasma". Sunan ne kawai ya saura, domin manyan kamfanoni irin su Panasonic, Samsung da LG sun daina ƙera ainihin filasma tun wajen shekarar 2014. Abin da ke cikin shaguna yau iri biyu ne: LED, wanda fitila ke haskaka shi daga baya, da kuma OLED, wanda kowane ɗigon hotonsa ke ba da haskensa da kansa. OLED ya fi fitar da baƙi sosai a fim ɗin dare, amma ya fi tsada nesa ba kusa ba. A ɗakin da rana ke shiga, LED mai ƙarfin haske ya wadatar.

Ana auna girman talabijin daga kusurwa zuwa kusurwa, da inci, wanda ake rubutawa "pouces" a kan kwalayen da ke da Faransanci. Inci ɗaya santimita 2.54 ne. Saboda haka mai inci 32 yana da kimanin santimita 81, mai 43 yana da 109, mai 55 kuma 140. Tazarar wurin zama ita ke yanke hukunci. Idan tsakanin kujera da bango mita biyu ne, inci 43 ya dace. Mita uku kuma na ɗaukar inci 55.

Bayan girma sai tsabtar hoto. HD yana da ɗigo kusan miliyan ɗaya, Full HD miliyan biyu, 4K kuma sama da miliyan takwas. Sai dai talabijin ba ya ƙara wa fim abin da babu a cikinsa. Tsofaffin fina-finan Kannywood da na Indiya masu fassarar Hausa, waɗanda ake turawa a waya ko a filashi, sau da yawa an matse su ne don su yi sauƙin turawa, kuma a kan babbar fuska sai su ƙara dishi-dishi. Kallon 4K ta intanet kuwa yana iya cin data har giga 7 a awa guda. Wanda ba shi da intanet mai ƙarfi, Full HD ya ishe shi.

Inda mutane suka fi yin asara shi ne wajen wuta. Nijar, Kamaru, Chadi da Gana suna amfani da lantarki mai ƙarfin bolt 220 zuwa 230. Wasu talabijin na hannu da ake shigowa da su daga Amurka an yi su ne don bolt 120, kuma jona su kai tsaye na iya ƙone su. Takardar da ke manne a bayan akwatin tana nuna ƙarfin da yake ɗauka da yawan wutar da yake sha. Mai inci 32 yakan sha wat 30 zuwa 50, mai inci 55 kuma ninki biyu ko fiye. Gidan da ke dogara da sola zai fi amfana da ƙaramin talabijin mai aiki da bolt 12 kai tsaye daga batir. Inda wuta ke hawa da sauka, kuɗin na'urar daidaita wuta ya fi kuɗin gyara sauƙi.

Kama tashoshi ma abin dubawa ne. Galibin ƙasashen Afirka sun ɗauki tsarin DVB-T2, wanda ake kira TNT a ƙasashe masu amfani da Faransanci. Talabijin ɗin Amurka da tsofaffin na Turai ba sa kama shi sai an haɗa masu dikoda. Ya kamata akwatin ya kasance da ƙofofin HDMI aƙalla biyu da ta USB.

Kafin a biya, mai saye ya tafi da filashinsa ya gwada fim a shagon, ya saurari sauti, domin siraran talabijin ba su cika ƙarfin murya ba. Ya matsa gefe ya duba, tunda iyali ba duka suke zama a tsakiya ba, kuma wasu fuskokin launinsu na dushewa daga gefe. Ya tabbatar lambar da ke jikin akwatin ta yi daidai da ta kwali, saboda jabu masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni. A ƙarshe ya tambayi inda garanti ke aiki, domin wanda aka sayo a Kano aka tsallaka da shi iyaka, ba lalle ne a karɓi takardarsa a Yawunde ba.