Yadda Waya Ta Kawo Tayi Kantunan Amurka

Ka zo Amurka ka tarar ba a tayi a kanti, ko? To, waya ta taɓa wannan al'ada. Ranar 10 ga Disamba 2011, Amazon ya ba da rangwamen kashi 5 cikin 100 ga wanda ya shiga kanti, ya duba farashi da manhajar Price Check, sannan ya saya a wurinsa. Kanti ke biyan haya da ma'aikata, Amazon ke cinikin: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A Maris 2013 Best Buy ya sallama: nuna farashin Amazon, a sayar maka haka. Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka biya, ciro wayarka ka taya.