Allunan Shagunan Nguru da Gashuwa

A zamanin kakanninmu rumfar kasuwa ba ta bukatar allo. Mai neman bandar kifi a Gashuwa hancinsa ke kai shi layin masu kifi. Mai neman shinkafa kuwa ya san sunan mai awo, ya san na ubansa. Ɗan kasuwan da ya yi karatun allo yakan rubuta bashi da ajami, ya ninke takardar ya cusa a aljihu.

Jirgin ƙasa ne ya sauya lamarin. Da layin dogo daga Kano ya iso Nguru a 1930, garin ya zama matattarar gyaɗa da fatu da ƙaro da shanu. Kantunan Turawa da na Kwarori suka kafu kusa da tasha, kowane da sunansa a rubuce da Turanci. Tun daga nan aka ɗauka cewa rubutu a goshin shago alamar girma ce, kuma girman da Turanci ake yinsa. Masu tireda suka kwaikwaya.

A daidai lokacin, rubutun Hausar boko bai gama tsayuwa da ƙafarsa ba. Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojinsa a 1912. Haruffan nan masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sai a ƙarshen shekarun 1930 suka zauna, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a Zariya a 1939 ta taimaka wajen yaɗa su. Sai dai tafiretocin ofisoshi ba su da su. Ga shi kuma a nan arewacin Yobe, Hausa harshen ciniki ce tsakanin Mangawa da Badawa da Fulani. Mutum ya koye ta a kasuwa da kunne, ya iya ta sarai, amma babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa inda ake raba kalma.

Na sha tsayawa kallon mai fenti yana aiki a gindin darbejiya. Ya ja layi da alli a kan falanki, mai shago na tsaye a kansa yana faɗa, shi kuma yana rubuta abin da kunnensa ya ji. In wuri ya ƙare, sai ya matse haruffan ƙarshe su hau juna. Ta haka muka sami "Munada shinkafa" da "Akwai kwai da kankara".

To, wannan ya hana ciniki? Bai hana ba. Uwar gida ta aiki yaro, ya dawo da ƙwansa lafiya lau. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya daban ne. Ɗan boko zai ga "Provition Store" ya tsaya, ya ɗauki hoto, ya watsa a Facebook ana dariya. Shi ɗin dai zai wuce allo goma masu karyayyar Hausa ko a jikinsa. Kuskure a harshen baƙi ya zama abin kunya, a namu kuwa an ce ai kowa ya gane. Alhali yaron da ke tafiya firamare, kafin ya buɗe littafi ya karanta allunan unguwarsu kaf, kuma abin da ya gani da fenti shi yake ɗauka daidai.

Mai fentin zamanin da, ina yi masa uzuri. Yau kuwa kwamfuta ke buga yawancin allunan, haruffan nan masu lanƙwasa suna cikinta, suna cikin wayar da ke hannun kowa. Akwai jami'ar tarayya a Gashuwa tun 2013, akwai malaman Hausa a makarantun garuruwan biyu. Alhaji mai shago, kafin ka biya kuɗin allo, ka ba ɗaya daga cikinsu ya duba maka rubutun.