Daren farko bayan aikin zuciya, da nisan da ke tsakaninsa da Lolo

A cikin kowaɗanne jarirai 1,000 da ake haifa, kusan 8 suna zuwa duniya da naƙasa a zuciya, wadda mutanenmu suka fi sani da huji a zuciya, ko da yake ba kowacce ce huji ba. Wannan lissafi bai san iyaka ba, abin da ke faruwa a Legas shi ke faruwa a bakin iyaka, a Lolo da Illo na yankin Bagudo da Madekali ta ƙasar Benin. Uwa za ta ga jinjiri yana gajiya a kan nono, yana gumi, leɓɓansa suna yin shuɗi, ba ya ƙiba. Idan aka dace aka gano ciwon, sai hankalin kowa ya koma kan likitan da zai yi tiyata da kuɗin da za a tara. Tarihin wannan sana'a kuwa ya nuna cewa hannun likita rabin aikin ne, sauran rabin yana ɗakin jinya.

Tun farkon lamarin haka yake. Robert Gross ya ɗaure wata jijiyar da ta ƙi rufewa a ƙirjin wata yarinya a Boston a 1938. A watan Nuwamban 1944 Alfred Blalock, da shawarar Helen Taussig da jagorancin Vivien Thomas, baƙar fatan da ya ƙware a aikin ba tare da digirin likita ba, ya yi wa wata jaririya 'yar wata 15 aiki a asibitin Johns Hopkins. An gama aikin a rana ɗaya, jinyarta kuwa sai da ta ɗauki kusan wata biyu kafin a sallame ta. John Gibbon ya yi nasara da injin da ke karɓar aikin zuciya da huhu a 1953, amma duk da haka aka shafe shekaru likitoci suna gudun buɗe zuciyar jarirai, suna jira sai sun yi wayo, domin ƙananan suna mutuwa bayan an kammala ɗinki. Abin da ya canza lamarin ya taso ne daga wani wuri daban. A annobar shan inna ta birnin Kofanhagan a 1952, ɗaliban likitanci sun yi ta matsa jakar iska da hannu dare da rana don marasa lafiya su yi numfashi, daga nan Bjorn Ibsen ya kafa sashen kulawa ta musamman a 1953. Sai da wannan sashe ya kankama, aka sami ma'aikatan jinya masu kula da yaro ɗaya tak, sannan Brian Barratt-Boyes a Niyuzilan da Aldo Castaneda a Boston suka iya gyara zukatan jarirai a shekarun 1970.

Dalilin a jikin yaron yake. Zuciyar da aka tsayar aka yanka ba ta farfaɗowa nan take, ƙarfin bugunta yakan ragu a sa'o'in da suka biyo baya, ya fi yin ƙasa a daren farko. A lokacin ne ake auna fitsari awa bayan awa, a duba jinin da ke fita ta robar ƙirji, a lura da zazzaɓi da bugun da ya karkace, a ƙara magani ko a rage shi ɗigo-ɗigo. Ɗauke wuta na minti kaɗan, ko ƙarewar iskar oksijin, ya isa ya rushe aikin yini guda.

Nijeriya ta ɗanɗana wannan darasi. A watan Fabrairun 1974 aka yi aikin buɗe zuciya na farko a asibitin koyarwa na Inugu, inda Magdi Yacoub ya zo daga Ingila ya haɗu da Fabian Udekwu da abokan aikinsa. Ƙwarewa ba ta yi ƙaranci ba, amma daga wannan shekara zuwa 2000 ayyukan da aka yi kaɗan suka haura 100. Kayan aiki da wuta da kuɗi da horarrun ma'aikata su ne suka riƙa yankewa. Shi ya sa gidauniyar da ɗan ƙwallo Nwankwo Kanu ya kafa a 2000 ta riƙa fitar da yara zuwa ƙasashen waje, musamman Indiya.

Wani zai ce ai a bar wannan hanya ta ci gaba, a kai yaro Indiya ko cibiyar Salam ta Khartum da aka buɗe a 2007, ya warke ya dawo. Sai dai jinya ba ta ƙarewa a ƙofar asibiti. Yaron da ya dawo Lolo yana buƙatar a duba ɗinkinsa kada ya yi ruwa, a riƙa auna nauyinsa, a daidaita maganin rage ruwan jiki gwargwadon girmansa, a sake hoton zuciya. Wannan kuwa yana nufin doguwar tafiya zuwa Birnin Kebbi ko Sakkwato, ga manomin shinkafa ko masunci da ya riga ya sayar da abin da ya mallaka.

Akwai kuma masu cewa zazzaɓin cizon sauro da gudawa da ciwon huhu sun fi kashe yara a yankin Bagudo, don haka maganar zuciya ta jira. Gaskiya ne sun fi kisa, kuma ba na kiran a gina ɗakin tiyatar zuciya a bakin iyaka. Amma a duba kayan da jinyar zuciya take nema a asibitin ƙaramar hukuma: iskar oksijin, wutar da ba ta yankewa, ma'auni, ma'aikaciyar jinya da ta san numfashin jariri, da 'yar na'urar nan mai auna oksijin a jini wadda Takuo Aoyagi na Japan ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1970. Su ne dai kayan da mai ciwon huhu da bakwaini suke mutuwa saboda rashinsu. Wannan na'ura, idan aka maƙala ta a ƙafar jariri bayan kwana ɗaya da haihuwa, takan tona wasu manyan cututtukan zuciya tun kafin ranar suna.